Mayar da Mota Daga Atomatik Zuwa Manuwal: Me Ya Sa Rigimar Ke Fitowa Daga Wayarin?

Me ya sa mutum zai kai motarsa gareji a sauke mata giyabos ɗin atomatik a ɗora na manuwal, bakanike ya ɗaure kowane noti daram, kuloci ya zauna, giya tana shiga sumul, amma da an murɗa makulli sai mota ta yi tsit kamar babu batir a cikinta? Ko kuma ta tashi, a hau titi da ita, sai a tarar allurar mitar gudu ta kwanta a sifili, fitilar ribas ta daina kamawa, fitilar cek injin kuwa ta kafe a dashbod?

Tambayar ta yawaita a garejoji da tashoshin mota tun bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta biyo baya da faɗuwa, kuɗin sifaya ya yi tashin gwauron zabi. Wanda giyarsa ta atomatik ta fara zamewa, ya je kasuwar sifaya ta Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya ji kuɗin wata, shawarar farko da abokai ke ba shi ita ce, "Kawai ka mayar da ita manuwal ka huta." Abin da ba a faɗa masa shi ne aikin kashi biyu ne. Akwai na ƙarfe, wanda kanikawanmu suka ƙware a kai. Akwai kuma na wayarin, wanda galibi sai an gama ɗaure komai ake tunawa da shi.

Dalilin da ake juyawa

Galibin tokumbon da ke shigo mana daga Amurka atomatik ne, domin can manuwal ba ta wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na sababbin motocin da ake sayarwa a 'yan shekarun nan ba. Motocin suna isowa sun riga sun ci dogon zango. Nan kuma su haɗu da zafi da cunkoso da lodi fiye da kima, man giya kuwa ko dai ba a canja shi, ko a zuba mata wanda ba nata ba.

Direbobin haya suna da hujjojinsu. Manuwal ta fi jure wahala, duk ƙauyen da ta tsaya akwai wanda zai iya canja farantin kuloci, idan batir ya mutu yara huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Duk wannan gaskiya ne. Hujjar shan mai ce ke buƙatar gyara. A tsofaffin atomatik masu giya huɗu, manuwal ta fi su tsimin mai. A sababbi masu giya shida ko takwas bambancin ya ragu ainun, wani lokaci ma ya juye. Motar da aka juya aka bar kwamfutarta cikin ruɗani kuwa, tana iya shan mai fiye da yadda take sha kafin a taɓa ta.

Abin da ake cirewa tare da giyabos

Giyabos ɗin manuwal bebe ne. Abin da ke fita daga jikinsa bai wuce wayoyi biyu na makunnin fitilar ribas ba, sai sansar gudu a wasu motocin. Direba ne ke yin tunanin, da ƙafarsa da hannunsa.

Na atomatik kuwa mai surutu ne. A jikinsa akwai makunnin da ke faɗin inda sandar giya take, ko P ko R ko N ko D. Akwai sansar da ke auna juyawar da ke shiga, da wadda ke auna wadda ke fita, da mai auna zafin man giya. A ciki kuma akwai solinoyid, wato ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya don giya ta canja. Wayoyin da ke haɗa waɗannan sukan haura goma, kuma kowacce akwai mai sauraronta a ɗaya ƙarshen: kwamfutar injin da kanikawa ke kira burenbos, ko kwamfutar giya ta daban, ko dashbod, ko rilan kik, wato makunnin lantarkin da ke sakar wa kik wuta.

Ranar da aka sauke wannan giyabos, masu sauraron nan suna nan ba su je ko'ina ba. Suna ci gaba da tambaya, babu mai amsawa. Aikin mai wayarin shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko dai ya samo musu sabon mai amsawa, ko ya sanar da su cewa su daina tambaya.

Girman wannan aiki ya danganta da zamanin motar. Masu kafireto da kebul ɗin mitar gudu, aikin yini guda ne. Daga 1996, lokacin da Amurka ta wajabta tsarin gano matsala na OBD-II, kwamfuta ta ƙara sa ido a kan wayoyin da aka cire tana rubuta ƙorafi. Daga wajen 2008 zuwa sama kuwa labarin ya sake, za mu zo kansa.

Mota ta ƙi tashi

Wannan ce matsalar farko da kowa ke cin karo da ita. An ƙera motar atomatik yadda kik ba zai juya ba sai giya tana P ko N. Wutar da ke fita daga makulli zuwa ƙaramar wayar kik, wadda a taswirar wayarin ta motocin Turai ake yi wa lamba 50, sai ta bi ta makunnin nan na jikin giyabos, kai tsaye ko ta hanyar rilai. An cire giyabos, an cire gadar. Shi ya sa za ka ga dashbod ya kawo wuta tas, hon yana yi, amma kik ko "ƙyas" ba ya cewa.

Maganin da aka fi yi a garejojinmu ba ya ɗaukar minti biyar. A nemo wayoyin biyu a soket, a fere su, a murɗe su tare, a naɗe da baƙin tef. Mota ta tashi, kowa ya yi murna.

Na taɓa zama a wani gareji ina jiran a duba mini birki, aka gama irin wannan haɗi a wata Corolla. Maigidan garejin yana gaban mota yana duba injin, ya ce da yaronsa, "Kai, ɗan taɓa mana kik." Yaron bai shiga ba, ta taga ya zura hannu ya murɗa. Ashe an bar ta a giya ɗaya. Motar ta yi tsalle gaba, maigidan ya yi ta kansa gefe, ta je ta daki bencin da aka jera sifanu, komai ya watse. Mai motar, wani dattijo, ya miƙe yana salati, ya ce, "Malam, haka zan kai wa iyali ita?" Maigidan ya kaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, ai duk manuwal haka take, a riƙa sa ta a firi kawai."

Maganarsa akwai ƙanshin gaskiya. Tsohuwar 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ta da wani makunni a kuloci, kuma an yi shekaru ana tuƙa ta lafiya. Sai dai masu tuƙa ta sun tashi da sabon girgiza sandar giya kafin su murɗa makulli. Motar da aka juya jiya, mutanen gidan sun saba da cewa ba ta taɓa motsi idan an kunna ta. Matar gida, ɗan da ke ɗumama ta da safe, mai wankin mota, duk da tsohon sabo za su zo mata.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. A ɗora ƙaramin makunni a ƙasan fedar kuloci, wanda sai an taka ta har ƙasa yake haɗuwa, a bi da wayoyin nan biyu ta kansa. Idan wutar da ke bi ta wayar mai nauyi ce, a sa rilai a tsakani don kada makunnin ya ƙone. Yawancin fedojin da aka ciro daga motocin Amurka da Japan suna zuwa da mazaunin makunnin a jikinsu, wasu har da shi kansa. A Golf 4 ta atomatik akwai wani rilai mai lamba 175 da ya haɗa aiki biyu, hana kik da kunna fitilar ribas, don haka wanda bai san da shi ba zai yi ta lalube a injin alhali matsalar tana ƙarƙashin dashbod.

Akwai wani tarko a nan da ba a cika lura da shi ba. A motoci da yawa wannan saƙo na P da N ba kik kaɗai yake zuwa ba, yana shiga burenbos ma. A Toyota ƙafar soket ɗin burenbos da yake shiga sunanta NSW a taswira. Idan aka murɗe wayoyin dindindin, kwamfuta za ta ɗauka motar tana fakin har abada, ko da kana gudun ɗari da ashirin a hanyar Zariya. Da wannan zato take lissafin silo, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, da yadda take yanke mai idan ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma kurus kwanturol ba zai kama ba. Makunnin kuloci ya fi kusa da gaskiya, don yana ba ta saƙon ne lokacin da aka taka kuloci har ƙasa kawai.

Sai makulli da ke maƙalewa. Motocin atomatik da yawa ba sa sakin makulli sai giya ta koma P. Wasu da kebul suke yin haka, wasu da lantarki. Idan ba a warware wannan ba, mai mota zai isa gida ya kashe injin, makulli ya ƙi fita.

Fitilar ribas da mitar gudu

Fitilar ribas ita ce mafi sauƙi, kuma ita aka fi mantawa, don direba ba ya ganinta. Wayoyi biyu ne a tsohon soket, ɗaya mai kawo wuta daga fiyus, ɗaya mai kai ta baya. A ja su zuwa makunnin da ke jikin sabon giyabos, shi ke nan. Kyamarar baya da sansar fakin duk daga nan suke samun umarni.

Mitar gudu ta fi wuya. A motocin da sansar gudu ke jikin giyabos, tana aika bugu ne, adadi kaza a kowane juyi, kuma an lissafa adadin da girman taya da haƙoran giyar ƙarshe. Sansar manuwal tana iya bambanta da ta atomatik a yawan bugun, ko a yawan wayoyi, wata biyu wata uku. Idan aka haɗa su da ƙarfi, ko allura ta ƙi motsi, ko ta riƙa faɗin ƙarya.

Mutane kan ce, "To mene ne, ai ina jin gudun a jikina." Matsalar ita ce ba kai kaɗai ke karanta wannan saƙo ba. Burenbos yana amfani da shi ya san mota tana tafiya ko tana tsaye. Idan babu shi, wasu motocin sukan mutu daidai lokacin da ka taka kuloci za ka tsaya a danja, ko silo ya riƙa hawa da sauka. Sitiyarin lantarki yana rage taimako ne gwargwadon gudu, don haka nauyinsa zai rikice. Injin Honda mai VTEC, tsarin da ke ƙara masa ƙarfi idan juyinsa ya yi sama, ba ya buɗe wannan ƙarfi sai ya ga saƙon gudu. Lissafin kilomita ma ya tsaya cak, ba ka san lokacin juyen mai ba. A sababbin motoci da ke ɗaukar gudu daga sansar ƙafafu ta ABS, tsarin da ke hana birki ƙage taya, wannan ciwon kai ɗaya ya ragu, wani ya maye gurbinsa.

Burenbos: canjawa, sake shiri, ko yaudara

A wasu motocin kwamfutar giya daban take, a ɗan akwatinta. A wasu, kamar Honda da Toyota da yawa, tana cikin burenbos ɗin injin, gida ɗaya. Na biyun sun fi wahala, don ba abin da za ka zare ka ajiye.

Idan aka bar burenbos ɗin atomatik, aka sa na'urar sikanin, za a ga jerin ƙorafi: P0705 na makunnin matsayin giya, P0715 da P0720 na sansar juyawa, P0750 na solinoyid, wani lokaci P0500 na gudu. Wata motar ƙorafin kawai za ta yi ta ci gaba da tafiya. Wata kuwa za ta shiga yanayin kare kai, ta rage ƙarfi, ka taka totur har ƙasa tana jan ƙafa. Akwai kuma wadda ke ɗan rage wutar fulogi a daidai lokacin da take zaton giya za ta canja, sai direba ya ji wata 'yar shaƙewa da babu bakaniken da zai gano ta a nozul ko famfon mai.

Mafi tsafta shi ne a sa burenbos ɗin manuwal na wannan injin, na wannan shekara, na wannan kasuwa. A nan na'urar hana sata ke shigowa. A motocin da makullinsu ke da ƙwayar lantarki, makulli da burenbos an ɗaura musu aure tun daga kamfani. Ka kawo baƙon burenbos, kik zai juya har batir ya ƙare, injin ba zai kama ba. Dole a sayo shi da makullinsa da akwatin hana satarsa, ko a sami mai na'urar da zai sake haɗa su. Kuma ko soket ya shiga daidai, ba lallai kowace ƙafa ta yi aiki iri ɗaya a burenbos biyun ba, sai an zauna da taswira.

Hanya ta biyu ita ce a sake wa wanda ke ciki shiri. Motocin Volkswagen da danginsu sun yi sauƙi a nan, don a yawancinsu da kwamfutar hannu ake canja lambar shiri a faɗa wa injin da ABS cewa motar ta koma manuwal.

Ta uku ita ce yaudara: a sa resisto, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, a madadin kowane solinoyid don kwamfuta ta ji kamar suna nan. Yana kashe wasu lambobin, amma kwamfutar da ke kwatanta juyawar shiga da ta fita za ta gano lissafin bai yi ba.

Akwai ta huɗu da ba na ƙirgawa cikin gyara, duk da ita ce ta fi yawa: a buɗe dashbod a cire ƙwan fitilar cek injin, ko a liƙe shi da tef. Fitilar nan guda ɗaya ce tak ga yawancin matsalolin injin da kwamfuta ke ganowa. Ranar da sansar iska ta mutu, ko fulogi ya fara tsallake wuta, ba ta da bakin faɗa maka. Wanda ya bar ta a kunne kullum ma ya rasa wannan gargaɗi, don ba ya bambance tsohon ƙorafi da sabo.

Motocin da kwamfutocinsu ke hira da juna

Kamfanin Bosch ya fito da tsarin CAN a 1986, Amurka kuma ta wajabta shi a soket ɗin sikanin daga motocin 2008. A wannan tsari, maimakon kowane saƙo ya sami wayarsa, wayoyi biyu ne a murɗe kamar igiya suke zagaya dukkan kwamfutocin mota, kowacce tana jefa nata bayani tana ɗaukar na wasu. Saƙon "giya tana P" ya daina zama wutar da za ka haɗa da tef, ya koma lamba da kwamfutar giya ke aikawa sau da yawa cikin daƙiƙa. An cire ta, sai injin da ABS da dashbod su rubuta U0101, wato sun daina jin ɗuriyarta. Fitilun birki da na hana zamewa su kama, mota mai maɓallin tayarwa ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Layin yana da resisto biyu masu om 120 a ƙarshensa biyu. Idan aka cire kan batir aka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin sikanin, ya kamata a ga om 60. Idan aka ga 120, an yanke layin a wani wuri ko an tafi da resisto ɗaya. Mai wayarin da ke gwada irin waɗannan wayoyi da ƙwan fitila, kamar yadda ya saba a Starlet, yana iya ƙona abin da kuɗinsa ya fi na giyabos ɗin.

Sannan akwai motocin da kamfani bai taɓa yin su da manuwal ba, irin su Sienna da Lexus RX. Babu burenbos ɗin manuwal nasu, babu fedar kuloci tasu, babu taswirar da za a bi. Duk wanda ya ce zai juya su, ƙirƙira zai yi, a kan motarka kuma zai koya. Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2006, ko Accord ta wannan zamani, suna da 'yan'uwa manuwal daga kamfani, don haka akwai inda za a kwafa.

Ƙananan abubuwa masu cin kwanaki

Kakkaurar wayar nan da ke fita daga baƙin kan batir, wadda masu wayarin ke kira at, a motoci da yawa jikin giyabos take ɗaure. Wajen sauke tsohon an kwance ta, wajen ɗora sabon an manta, ko an ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Kik yana jan amfiya fiye da ɗari, kuma wutar sai ta sami hanyar komawa. Za ta bi kebul ɗin kuloci, ko na giya, ko siraran wayoyin sansa. Na ga kebul ɗin kuloci da robarsa ta narke har ya ƙage, aka canja shi sau biyu kafin wani ya lura da wayar tana lilo a bayan injin.

A motoci irin Peugeot 406, sansar da ke faɗa wa kwamfuta matsayin fistin tana karanta haƙoran fulawil ne ta wata kafa a bakin giyabos. Idan fulawil ɗin da aka kawo tsarin haƙoransa ya bambanta, ko sansar ba ta zauna a tazarar da ta dace ba, babu wuta a fulogi, babu mai a nozul, ana ta zargin kwayil.

Sai asalin kayan. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Kayan manuwal da aka yanko daga motar Ingila ko Japan na mai sitiyari a dama ne: fedoji ba za su zauna ba, damin waya ya yi gajarta a nan ya yi tsawo a can. Launin waya ma yakan canja daga shekara zuwa shekara, don haka "ja da ja, baƙi da baƙi" ba dokar da za a dogara da ita ba ce. Duk haɗin da aka yi da murɗawa da tef kusa da injin, zafi zai saki tef ɗin, damina ta ƙarasa sauran.

Abin da ya rage wa mai mota

Masu goyon bayan juyawa suna nuna motocin haya da aka juya shekaru suna zirga-zirga, kuma suna da gaskiya, galibinsu tsofaffi ne masu sauƙin wayarin. Masu adawa suna cewa idan ka haɗa kuɗin giyabos da fulawil da kuloci da fedoji da shaf da kebul da burenbos da makulli da ladan mutum biyu, sau da yawa ka kai ko ka wuce kuɗin wani atomatik ɗin Beljiyam, ga shi dillalai suna karya farashin motar da aka juya. A ganina, ga motar da ta girmi 2008 kuma tana da 'yar'uwa manuwal, aikin yana yiwuwa ya fita tsaf. Ga wadda ta biyo baya, sayar da ita a sayi manuwal ta asali ya fi arha.

Wanda ya yanke shawarar yi, ya fara da mai wayarin kafin bakanike ya kwance noti ɗaya, ya tambaye shi me zai yi da burenbos da mitar gudu, ya kuma ga taswirar motar a hannunsa ko a wayarsa. Kayan kuma a sayo su daga mota ɗaya, har da damin wayar injin da sokets ɗinsu, kada a bari ɗan sifaya ya datse su da almakashi.

Ranar karɓar mota, a ja birkin hannu, a tabbata babu kowa a gaba, a sa ta a giya, a murɗa makulli ba tare da taka kuloci ba: bai kamata kik ya motsa ba. A sa wani ya tsaya a baya ya ga fitilar ribas. A hau titi a kwatanta allurar gudu da abin da manhajar taswira ta waya ke nunawa, a taka kuloci daga gudu a ga ko silo zai riƙe. Kafin duk wannan, a murɗa makulli zuwa inda dashbod ke kawo wuta ba tare da an tayar ba, a nemi fitilar cek injin. Dole ta kama a wannan lokaci, ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan.